Zauren Akawu: Kalmar “Kowa” da Abokanta a Turanci

 A fitowar da ta wuce mun yi magana a kan yadda a ke buɗe wasiƙar ofis da yadda a ke rufe ta, mun kuwa yi alkawari za mu ci gaba da zancen takardar neman aiki. To, a gafarce mu, mun ɗage wannan sai wata mai zuwa, domin wani abu ya faru a unguwa wanda ya sa muka ga lalle mu tsaya tukuna a kan waɗansu 'yan ƙananan kalmomi na Turanci da a ke rainawa.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, mai gadi ne a wani sito cikin garin nan na Kumasi, ya daɗe a bakin aikin, ba a taɓa kama shi da ko allura ba. Wata rana da dare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ɓarayi suka fasa siton ta baya, suka kwashe buhunan shinkafa. Shi yana ƙofar gaba, bai ji motsi ba, bai ga kowa ba. Da gari ya waye aka ce ya ba da bayani a rubuce. Da ya ke ba ya jin Turanci, sai ya aika aka kira jikansa, yaro mai hankali, ɗan sakandare, ya ce masa, “Rubuta musu, ka ce ban ga kowa ba.” Yaro ya ɗauki alƙalami ya rubuta: “I did not see everybody.” Dattijo ya dangwala yatsa.

Wanda ya karanta takardar bai yi kuskure ba. Abin da jimlar nan ta ce a Turanci shi ne, “Ba dukansu na gani ba,” watau ya ga waɗansu daga cikin ɓarayin ke nan. Sai aka tsare shi da tambaya, su wane ne ka gani, su nawa ne, don me ba ka yi kururuwa ba? Yana rantsuwa bai ga kowa ba, ana nuna masa yatsansa a takarda. A can ya kwana. Kashegari da muka tashi daga ofis muka je tare da wakilin mai unguwa, muka roƙa a ba mu takardar, muka fassara masa ita kalma kalma. Ya riƙe baki ya ce, “Subhanallahi! Ɗana, ni ban faɗi haka ba.” Muka ce, “Mun sani, Baba, alƙalami ne ya faɗa.” Aka sake ɗaukar bayani, aka sake shi. Amma mai sito ya riga ya sa zargi a ransa, sai da manya suka yi ta kai da kawowa har mako biyu kafin a mai da shi bakin aiki. Yaron kuwa ya kwana biyu ba ya iya haɗa ido da kakansa.

Mun gaya wa yaron, muna kuma gaya wa sauran 'yan makaranta, wannan kuskure ba na rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Yana da tushe a cikin harshenmu, mu ma mun sha bulala a kansa a hannun malaminmu na Turanci. In aka gane tushen, gyaran ba wuya.

Kalmomin da mu ke zance a kansu, masu nahawun Turanci suna kiransu “indefinite pronouns”, watau wakilan suna waɗanda ba su nuna takamaiman mutum ko takamaiman abu ba. A Hausa su ne irin su wani, wata, waɗansu, wani abu, kowa, kome. Turanci ya raba manyansu gida huɗu. Gidan farko na “some” ne: somebody, someone, something. Na biyu na “any”: anybody, anyone, anything. Na uku na “no”: nobody, no one, nothing. Na huɗu na “every”: everybody, everyone, everything. Kalma 12 ke nan. Wadda ta ƙare da “body” ko “one” ta mutum ce, wadda ta ƙare da “thing” ta abu ce. Tsakanin “somebody” da “someone” babu bambancin ma'ana, sai dai ta biyun ta fi yawa a rubutu, ta farkon ta fi yawa a baki. Akwai kuma na wuri, somewhere, anywhere, nowhere, everywhere. Masu nahawu ba su cika lissafa su cikin wakilan suna ba, amma hanya ɗaya su ke bi, wanda ya iya waɗancan ya iya waɗannan. A lura “no one” kaɗai a ke rubutawa a rabe, sauran duka a haɗe su ke.

Abu guda Turanci ya sauƙaƙa mana: bai rarrabe namiji da mace a nan ba, “somebody” ya ɗauki wani ya ɗauki wata. Mu mutanen Zango da ma yawancinmu mun bar rarrabewar nan a maganar yau da kullum, abin da 'yan'uwanmu na Kano su ke yi mana dariya a kai. To, a wannan wuri dai mun huta.

Inda wahalar ta ke shi ne kalmar “kowa”. Ku duba jimlolin nan uku: Kowa ya zo. Ban ga kowa ba. Ba kowa a gidan. Kalma guda ce ta yi mana aiki uku, ba mu taɓa rikicewa ba, domin “ba” ɗin da ke kewaye da ita shi ke nuna ma'ana. Turanci kuwa kowane aiki da ma'aikacinsa:

Kowa ya zo. Everybody came.
Ban ga kowa ba. I did not see anybody.
Ba kowa a gidan. There is nobody in the house.

Haka nan “kome”: Kome ya ƙare, “Everything is finished.” Ban ci kome ba, “I have not eaten anything.” Ba kome a ciki, “There is nothing inside.” Yaro ya koya a aji cewa kowa shi ne “everybody”, ya riƙe, duk inda ya ji kowa sai ya ajiye “everybody”. Abin da ya ƙara ɗaure masa gindi, Tonanci, watau harshen Asante da 'ya'yanmu su ke yi a kasuwa da filin ƙwallo, shi ma haka ya ke: “obi” wani ne, “obiara” kuwa kowa ne, ana kuma amfani da ita in za a ce ba a ga kowa ba. Harsuna biyu ke nan su ke jan yaro gefe guda, Turanci yana ja ɗaya gefen. Waɗanda suka yi karatun Larabci su tuna, a can “kullu” daban, “ahad” daban, ba a sa ɗaya a gurbin ɗaya. To, kusan haka Turanci ya yi da “everybody” da “anybody”.

Yanzu ga yadda su ke zama a jimla, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, jimlar da ke tabbatar da abu ya faru, ba tambaya, ba korewa. Nan gidan “some” ke aiki, daidai da wani ko wani abu. “Somebody came to see you,” wani ya zo wurinka. “I have something for you,” ina da wani abu dominka. Wannan ba ya ba mu wahala.

Na biyu, jimlar korewa, watau wadda ke cewa abu bai faru ba. Hanya biyu ce, mutum ya zaɓi ɗaya. Ko dai ya sa “not” a jikin aikatau sa'an nan ya kawo gidan “any”, ko kuwa ya bar aikatau yadda ya ke ya kawo gidan “no”. “I did not see anybody” da “I saw nobody” ma'anarsu ɗaya, ta biyun ta ɗan fi ƙarfi. “He did not pay anything” da “He paid nothing” haka nan. Ko wacce jikan dattijon nan ya rubuta, da kakansa ya kwana a ɗakinsa.

In kuwa kalmar ita ce a farkon jimla, ita ce mai aikin, to hanya guda ce ta rage. Ba wanda ya zo, sai “Nobody came.” Ba a cewa “Anybody did not come,” wannan ba Turanci ba ne. “Everybody did not come” kuma jimla ce mai fuska biyu, wani ya ɗauka ba wanda ya zo, wani ya ɗauka waɗansu ne ba su zo ba, saboda haka a guje ta a takarda. Haka in amsa ce ta kalma guda. Aka ce “Who did you see?” wa ka gani, sai ka ce “Nobody,” daidai da “ba kowa” namu. Aka ce “What did you take?” sai “Nothing.”

To, yaushe “not” ke haɗuwa da “everybody”? Sai in ana nufin ba duka ba. Hausa ma tana da wannan, sai dai ta kan juya jimlar. Ku auna “Ban ga kowa ba” da “Ba kowa na gani ba.” Ta farko ita ce “I did not see anybody.” Ta biyu ita ce “I did not see everybody.” Haka “Ban biya kome ba” da “Ba duka na biya ba”: ta farko “I have not paid anything,” ta biyu “I have not paid everything.” Wanda a ke bi bashi ya san nisan da ke tsakanin biyun nan. Ga ma'auni mai sauƙi da mu ke amfani da shi a ofis: in za ka iya ƙara “ko ɗaya” a jimlarka ta Hausa ma'ana ba ta sāke ba, to gidan “any” ka ke nema. In kuwa “ba duka ba” ce ta dace, to “every” ne.

Na uku, tambaya. Tambayar da mai yinta bai san amsa ba, gidan “any” ta ke ɗauka. “Did anybody call?” akwai wanda ya kira? “Is there anything in the box?” akwai wani abu a akwatin? Amma in tayi ne, ko roƙo, ko kuwa mai tambaya yana sa ran a ce i, sai a koma gidan “some”. Baƙo ya zo, “Would you like something to drink?” Kaya sun yi nauyi, “Can somebody help me?” Da akawu ya ce maka “Do you want anything?” da ya ce “Do you want something?” duk daidai ne, amma a ta biyun ya ga alamar buƙata a fuskarka.

A nan akwai wani rami da ya kamata mu nuna, tun da a bakin hanyarmu ya ke. In aka tambayi Bahaushe, “Ba ka ga kowa ba?” ya kan ce, “I,” watau i, ban gani ba. In aka yi tambayar da Turanci, “Didn't you see anybody?” ya ce “Yes,” to mai rubutu zai iya rubuta cewa ya gani. Bature yana amsa abin da ya faru ne, mu kuwa muna amsa maganar mai tambaya. Maganin abin, kada a tsaya a kalma guda a wurin da a ke rubuta magana. A cika jimla: “No, I did not see anybody.”

Na huɗu, akwai waɗansu kalmomi da ke ɗauke da korewa a cikinsu ko da ba a ga “not” ba, su ma gidan “any” su ke ja. Irin su “never”, “without”, “hardly”, “refuse”. “He left without telling anybody,” ya tafi bai gaya wa kowa ba. “She never says anything,” ba ta taɓa cewa kome. “Hardly anybody came,” da ƙyar aka sami mai zuwa. Haka nan bayan “if”: “If anybody asks, tell him to wait,” in wani ya tambaya, ka ce ya jira.

Na biyar, gidan “any” ya kan shiga jimlar tabbatarwa, amma da wata ma'ana, watau ko wane ne, ba zaɓi. “Anybody can apply,” ko wane ne yana iya nema. “Take anything you like,” ɗauki duk abin da ka ke so. Nan ma “kowa” namu yana iya ruɗa mutum. Sakataren wata ƙungiya ya taɓa kawo mana sanarwa mu buga masa, ya rubuta “Anybody must pay his dues,” alhali nufinsa kowa da kowa ya biya. In wajibi ne a kan jama'a duka, “Everybody must pay.” In izini ne ga duk mai so, “Anybody may come.”

Sai zancen korewa biyu. Za ku ji a waƙoƙi da fina-finai ana cewa irin su “I don't know nothing.” Miliyoyin mutane a Ingila da Amurka haka su ke magana a gidajensu, kowa kuwa yana gane nufinsu. Abin ma tsoho ne, gama mawaƙin Ingila Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya kan jera korewa biyu har uku a jimla guda don ƙarfafawa. Daga baya masu nahawu suka hana, sanannen cikinsu shi ne wani babban limamin coci, Robert Lowth, wanda littafinsa na nahawu ya fara fita a 1762. Su suka kafa ra'ayin cewa korewa biyu suna kashe juna, magana ta koma tabbatarwa. Ko mutum ya yarda da hujjarsu ko bai yarda ba, ita ce dokar makaranta da ofis da kotu. Mu kuwa da mu ke da “ba” a gaba “ba” a baya, kunnenmu ba ya jin nauyin abin, alhali namu korewa guda ce mai ƙafa biyu. Saboda haka a kula: “not” da “nothing” ba sa zama jimla guda. Wanda ya rubuta wa mai gidan haya “I do not owe you nothing” ya ba lauya abin wasa. “I do not owe you anything” ita ce.

Yanzu aikatau. Duk kalmomin nan 12 a matsayin mutum guda ko abu guda Turanci ya ɗauke su, har “everybody” da ke nufin taro. “Everybody is here,” ba “are” ba. “Nobody knows,” ba “know” ba. “Everything has been sold.” A nan Hausa tana taimakonmu, domin mu ma “kowa ya zo” mu ke cewa, ba “kowa sun zo” ba. Wanda ya tuna da Hausarsa ba zai faɗi a wannan ba.

Amma in za a sake ambaton mutumin a cikin jimlar fa? A makaranta an koya mana “Everybody must bring his card.” Dalili kuwa, an daɗe ana ɗaukar “he” ya haɗa da mace, har majalisar Ingila ta yi doka a 1850 cewa in dokokinta suka ambaci namiji, to har mace a ke nufi, sai in an faɗi akasin haka. Yau yawancin masu rubutu “Everybody must bring their card” su ke yi, ko “his or her card” a takardun hukuma. Kada a ɗauka wannan “their” lalacewar zamani ce, gama ana samunta a rubutun Turanci tun ƙarni na 14. Abin kula kawai, aikataun farko yana nan a na mutum guda: “Somebody has left their bag.” Haka kuma a 'yar tambayar da a ke liƙawa a ƙarshe “they” a ke sawa: “Nobody came, did they?”

Akwai waɗansu da ba su da tsayayyen adadi, sai abin da ya biyo bayansu: some, any, all, most, none. “Some of the money is missing,” amma “Some of the bags are missing.” Kuɗi a Turanci ba a ƙirga shi ɗaya biyu, buhu kuwa ana ƙirgawa. “None of them is ready” da “None of them are ready” duka ana yi, ta farkon ta fi kama da takardar ofis. In mutum biyu ne kacal, “neither” a ke sawa maimakon “none”: “Neither of the brothers signed,” cikin 'yan'uwan biyu ba wanda ya sa hannu.

“Each” kuwa ta cancanci a tsaya mata, domin ita ke raba kuɗi. In aka rubuta “The children will receive 500 cedis,” ana iya cewa sidi 500 ne za su raba tsakaninsu. In aka rubuta “Each of the children will receive 500 cedis,” to ɗari biyar biyar ke nan. Mu da maimaita lamba mu ke wannan aiki, Turanci da “each”. Wanda ke rubuta takardar rabon gado ko ta adashi ya buɗe ido a nan.

Ga waɗansu 'yan dokoki na jeri. Sifa a Turanci gaban suna ta ke zuwa, “a new book”, amma da kalmomin nan baya ta ke komawa: “something new”, “nothing serious”, “somebody important”. Hausa ma “wani abu sabo” ta ke cewa, saboda haka wannan ya zo mana da sauƙi. “Else” ma baya ta ke bi, ma'anarta wani dabam: “somebody else”, “anything else”. In mallaka ce, alamar tana zuwa ƙarshe: “somebody's phone”, wayar wani, “somebody else's phone”, wayar wani dabam. Sa'an nan “to” da aikatau: “nothing to eat”, ba abin ci, “nobody to ask”, ba wanda za a tambaya. Wanda ya taɓa sauka filin jirgin sama ya ga allon kwastan mai cewa “Nothing to declare”, watau hanyar wanda ba ya ɗauke da kayan da za a biya wa haraji ko a bayyana. Wanda ya bi ta nan alhali yana da irin kayan, ya yi magana da ƙafarsa, za a kuwa riƙe shi da ita.

Na ƙarshe, “few” da “a few”, “little” da “a little”. Harafi guda ne tsakaninsu, amma fuskarsu daban. “A few have paid,” waɗansu 'yan kaɗan sun biya, an dai samu. “Few have paid,” kusan ba wanda ya biya, kuka ne. Likita ya ce “There is a little hope,” akwai sauran fata. Ya ce “There is little hope,” a fara haƙuri. Mai fassara wa dangi a asibiti, in bai ji da kyau ba, ya roƙi likita ya maimaita, kada ya yi kunya. “Quite a few” kuma, ko da ya ke akwai “few” a ciki, da dama ta ke nufi.

Wani zai ce, Akawu, duk wannan ai na 'yan jarrabawa ne. Gaskiya ne Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, mai hedkwata a Ankara babban birninmu, ba ta yafe irin kuskuren nan, Turanci kuwa darasi ne na dole, wanda ya faɗi a cikinsa ƙofofi da yawa sun rufe masa. Amma dattijon da muka ba da labarinsa ba jarrabawa ya zauna ba. Kakanninmu sun zo ƙasar nan da fataucin goro da aikin soja da malanta, mu an haife mu a nan, Turanci kuwa shi ne harshen hukuma, da shi a ke rubuta takardar fili, da ta haya, da ta asibiti, da bayanin shaida. Fom ya kan tambaya “Do you have any other names?” ko ya ce “If none, write none.” Gargaɗin da a ke karanta wa wanda a ke tuhuma ma a kan “anything” ya ke tsaye, cewa ba dole ne ya faɗi kome ba, abin da ya faɗa kuwa za a rubuta, ana iya kawo shi gaban alƙali.

Saboda haka muna da roƙo uku. Ga iyayenmu waɗanda ba su yi boko ba: kada ku dangwala yatsa a takarda sai an mai da muku ita Hausa, jimla jimla, ko da ɗan cikinku ne ya rubuta. Wannan ba rashin yarda ba ne. Tun 1912 aka kafa doka a ƙasar nan don kare wanda bai iya karatu ba, ta ɗora wa mai rubuta masa takarda nauyin karanta masa ita da bayyana masa abin da ke ciki, ya kuma sa sunansa a jiki. Tsarin Mulki na 1992 kuma, a sashe na 14, ya ce wanda aka kama a gaya masa dalili da harshen da ya ke ji, a sashe na 19 ya ba wanda a ke yi wa shari'ar laifi ikon samun tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. Haƙƙinku ne, ku nema da ladabi.

Ga 'yan makaranta: in babba ya ce ku rubuta masa, ku gama, sa'an nan ku mai da abin da kuka rubuta Hausa kamar ba ku ne kuka rubuta ba, ku ji ko ya koma inda ya fito. Ga 'yan'uwanmu akawuna da masu buga takardu a kwamfuta a bakin ofisoshi: na'urar nan tana ja wa kuskuren harafi jan layi, amma “I did not see everybody” jimla ce lafiyayya a wurinta, za ta wuce ba ta ce uffan ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Ga aikin gida kamar yadda muka saba. A gyara waɗannan biyar:

1. Anybody did not answer the phone.
2. Everybody have gone home.
3. I did not tell nobody.
4. She wants cold something to drink.
5. He went out without taking nothing.

A mai da waɗannan biyar Turanci:

1. Ban ji kome ba.
2. Ba kome na ji ba, kaɗan na ji.
3. In wani ya zo, ya jira ni.
4. Ba wanda ya san gidansa.
5. Kowane ɗayansu ya sami sidi 50.

A miƙa amsa ga mai raba takardar nan kafin ƙarshen wata, a rubuta suna da unguwa. Za mu buga gyaran a fitowa ta gaba, tare da zancen takardar neman aiki da muka ɗage, in Allah ya kai mu. Jikan dattijon nan ya riga ya karɓi nasa tambayoyin tun kafin a buga, ya ce shi zai fara kawowa.

Haza wasalam.

Naku,
Akawu